Zagayen Lahadi da yara a babban lambun Liyon

Assalamu alaikum mutanen Maradi, 'yan Zariya, 'yan Mokoyo, 'yan Bagalam, da ku na Ɗan Gulbi. Inna, ina wuni, na san Yaya zai kunna miki wannan bayan la'asar. Yau Lahadi babu aiki, mun fito da uwargida da yara, ga mu bakin ƙofar lambun da ake kira Parc de la Tête d'Or, a nan birnin Liyon na Faransa. Ku dubi ƙofar, ƙarfe ne zalla an yi masa ado da ruwan zinari. Wanda bai sani ba zai tsaya yana laluben aljihu, alhali ko dala ba a biya. Ka shigo kawai.

An buɗe wurin nan a 1857, wasu 'yan'uwa biyu, Denis da Eugène Bühler, su suka tsara shi a kan fadamar da kogin Ron yake malalewa. Faɗinsa ya haura hekta 100. Hanyar da ta kewaye shi ba ta cika kilomita 4 ba, kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, shi ya sa kuke ganin uwargida tana tura keken auta da hannu ɗaya tana amsa waya da ɗayan. Inna, ko da ciwon gwiwarki za ki iya rabinta, don duk ɗan taƙi akwai benci a ƙarƙashin inuwa.

Ga tafkin nan a tsakiya. Ruwan daga kogi yake shigowa. Waɗancan ƙananan jiragen na haya ne, ana tuƙa wasu da ƙafa, amma yau ba mu da niyyarsu. Bari in matso da kyamara ku ga wannan dinyar: ta kafa wa babban yarona ido saboda burodin da ke hannunsa, tana tahowa a hankali tana miƙa wuya, shi kuma ya ɓoye hannu a baya yana ja da baya har ya ci karo da ƙafata. Kai, riƙe abinka da kyau, ba a ba su burodi, yana ɓata musu ciki. Can tsakiyar ruwa akwai tsibiri da aka gina abin tunawa da 'yan garin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, ta wata hanya ta ƙarƙashin ruwa ake shiga. Mun wuce, yara sun ƙosa su ga dabbobi.

To jama'a, a nan nake so mu daɗe. Gidan namun dajin ma kyauta ne. Wannan ɓangaren an buɗe shi a 2006, an sa masa sunan filin Afirka, ga jakunan dawa, ga raƙuman dawa suna miƙa wuya suna tsinkar ganye da dogon harshensu mai duhu. Ɗiyata ta tambaye ni wai daga ina aka kawo irin wannan dabba, na ce mata ai ƙasarku tana da nata. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma suna yawo a sake cikin gonakin mutane, kuma a 2018 an ɗebi 8 an kai dajin Gadabeji, can wajen Dakoro, cikin jiharmu ta Maradi. Abin da ke taɓa mini zuciya ke nan. Yaron Liyon yana ganin raƙumin dawa duk Lahadin da ya so ba tare da ko sisi ba, yaron Sabon Garin Maradi kuwa zai iya girma har ya yi aure bai taɓa ganin na jiharsa ba.

Kuma ba sai da dabbobi ba. Mu da duniya ta san mu da sassaben zamani, manomanmu suka bar kututturan gawo da sabara suka tofo har gonaki suka koma kore, me zai hana mu samu fili ɗaya a bakin Gulbi, a dasa bedi a jere, a share hanya, a kafa benci da famfo, a hana babura shiga? Uwa ta fito da 'ya'yanta da yamma ba tare da fargabar kabu-kabu ba. Alhazan Maradi da suka gina masallatai da makarantu, wannan ma sadaka ce mai gudana, kuma ina roƙo da babbar murya.

Waɗancan gidajen gilashi na itatuwan ƙasashe masu zafi ne, da ka shiga sai gumi ya karyo maka kamar ranar kasuwa a watan Afrilu. Lambun furanni yana can gaba, sai wani zuwan, don auta ya fara kukan yunwa. Za mu shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, uwargida ta yo dambun zogale da ƙuli-ƙulin da kika aiko, Inna. Mai shirin zuwa ya sani, da rani ana rufe ƙofa ƙarfe 10 da rabi na dare, da sanyi ƙarfe 8 da rabi. A gaida mutan gida duka, sai mun sake haɗuwa.