Sharhi: Daular Haske ba ta tsayuwa sai da abin da ke neman kashe ta

Masu sauraro, sharhinmu na yau daga nan Jos ya shafi matasan marubutan da ke sakin labaran ƙage babi-babi a WhatsApp da Wattpad (manhajar wallafawa da karanta labarai), musamman masu ƙirƙiro daular haske da gumakanta. Irin waɗannan labarai sukan fara da armashi, amma kafin babi na biyar sun yi sanyi. Galibi dalilin ɗaya ne: marubucin ya kunna haske, bai tanadi abin da zai iya kashe shi ba.

Mutanen tsohuwar Masar ba su yi wannan sake ba. A tatsuniyarsu, gunkin rana Ra yakan ratsa duniyar ƙarƙashin ƙasa cikin jirgin ruwa tsawon sa'o'i 12 na dare, kowace sa'a da yankinta da masu gadinta, ga kuma wani maciji mai suna Apofis yana tare hanya. Ana cin galabarsa, amma ba ya mutuwa gaba ɗaya. Gobe da dare yana nan. Ke nan kowace fitowar rana sai da aka sha gumurzu. Don haka marubuci ya fara amsa tambayoyi uku a takarda: daga ina hasken yake fitowa, me ake biya kafin ya ɗore, wa zai amfana idan ya mutu.

Sai gumakan. Huɗu ko biyar sun wadatar a farko, kowanne da aikinsa, da abin da ya haramta wa mabiyansa, da wanda ba sa ga-maciji. Kuma ba sai an je nesa neman samfuri ba. Tarihin Kano ya kawo Tsumburbura, wadda aka kewaye bishiyarta da katanga, babu mai shiga sai Barbushe na dutsen Dala, shi ne kuma ke fitowa ya faɗa wa jama'a abin da ke tafe, har da zuwan baƙon da zai mulke su. Wuri, mai tsaro, doka da annabci, duk a labari guda.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafin shekaru. Za ka ga daula ta shekara 1,000 amma sarakunanta huɗu kacal. Daga Bagauda a 999 zuwa Alwali a farkon ƙarni na 19, Kano ta yi sarakuna 43, wato kusan shekara 19 ga kowanne. Idan sarakunanka suna rayuwa ɗaruruwan shekaru, to ka faɗi dalili tun da wuri, kada mai karatu ya gano da kansa.

Tarihin kuma yana buƙatar ɓaraka. Wajen 1346 kafin haihuwar Annabi Isa, Fir'auna Akenaten ya gina sabon birni domin bautar faifan rana, Aten, ya juya wa babban gunkin Masar, Amun, baya. Bayan mutuwarsa aka watse daga birnin, aka cire sunansa daga jerin sarakuna. Irin wannan rikici ne ke bar wa labari kangaye da limaman da suka rasa abinci da zuriyar da ke ɓoye asalinta.

Abu na ƙarshe, a garin da Musulmi da Kirista ke karanta labari ɗaya a waya, kada a ara wa gunkin ƙage suna ko siffar da masu ibada ke girmamawa. A ƙirƙiro masa nasa, a kuma rubuta a shafin farko cewa labarin ƙage ne.