Fatar Birki Mai Ƙarfin Kamu: Wacce Za Ka Sa wa Motar Hawa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar fatar birki za mu yi, irin wadda ake cewa ta masu gudu ce. Ga Camry nan, na riga na cire taya na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse fatar a jikin faifan birki, wannan kowa ya iya. Yaro, matso da kyamarar nan kan tebur.

Iri uku ne a gabana. Ta farkon nan mai laushi ce, ba ta ƙara, ba ta cin faifai, amma da ta ɗau zafi sai ta saki. Ta biyu mai garin ƙarfe ce, kun ga yadda take ƙyalli? Tana jure zafi, tana kamu, sai dai tana baƙanta wili, wani lokacin ma ta yi maka ƙii da safe. Ta uku siramik ce, irin ta kamfanin Akebono. Ƙurarta kaɗan, shiru take, kuma tana daɗewa. Ni dai a motar cikin gari ita nake so, amma kar wani ya ce maka ta fi kowacce kamu. Ba don haka aka yi ta ba.

To ga inda mutane ke zubar da kuɗi. Mutum ya kalli tsere a waya, sai ya ce a samo masa fatar da 'yan tsere ke sawa. Malam, waccan sai ta gasu take aiki. Kai kuwa ka fito da sassafe, birki sanyi ƙalau, mai adaidaita ya faɗo maka a Zoo Road, ka taka, mota ta ƙi tsayawa inda ka saba. Ga ihu, ga cinye faifai. Shi ya sa kamfanonin da kansu suka rarraba. EBC na Ingila, misali, da launi suke bambantawa: koriya, Greenstuff, ta ƙananan motocin titi ce, ja ta manya masu nauyi da gudu, rawaya kuma tana yin titi tana yin filin tsere. Hawk na Amurka suna da HPS, ita ma ta titi ce.

Yanzu ku nutsu, nan ne wurin. Juya fatar, duba gefenta ko bayan ƙarfen, a ƙarshen dogon rubutun nan yawanci za ka ga haruffa biyu. Wannan FF ce... a'a, tsaya in goge, FE ce. Yawwa, gara ma da ta zo haka. Harafin farko ƙarfin kamunta ne kafin ta yi zafi sosai, na biyu kuma bayan ta gasu. E daga 0.25 ne zuwa 0.35, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. Kun ga FE ke nan tana farawa da kyau, zafi na zuwa ta ja baya. In sake faɗa: na hagu sanyi, na dama zafi. Abin da kake nema na daman kar ya gaza na hagun. FF ta wadatar da yawancinmu, FG ko GG kuwa ga mai son birki da cizo. In ta Turai ce, nemi R90 a jiki, alamar an gwada ta ba ta kauce wa ta asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba.

Gaskiyar da masu sayarwa ba sa so in faɗa, har da ni ɗin: a taka birki sau ɗaya na gaggawa, taya ce ke tsayar da kai. In tayarka ta suɗe, ko birkin kamfanin Brembo mai tsada ka sa, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, zai yi ta karkarwa ne kawai. Amfanin fata mai kyau yana fitowa ne a taku bayan taku, kamar gangaren Hawan Kibo in ka taso daga Jos, mota cike da iyali da buhun dankali. Can ma ka sa ƙaramar giya, kar ka kwanta a kan birki. In feda ta yi tauri amma mota ba ta tsayawa, fata ce ta ƙone. In ta yi laushi ta nutse ƙasa, man birki ne ya tafasa. Man birki DOT 3 sabo yana kaiwa digiri 205 na Celsius kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230, amma yana shan ruwa in ya tsufa, to a canja shi tare.

Jabu kam sun cika kasuwa, kwali mai kyau, ciki tarkace. In kuɗin ya yi araha da yawa, ajiye musu. Mu dai muna da su a shago, ka zo da lambar shasi in zaɓa maka, kar ka ce min "Camry ce kawai".

Bayan an ɗaura, hagu da dama tare, sai a zaunar da ita. Samu titi marar mutane, kai gudun 60, taka da ɗan ƙarfi ka sauko wajen 10, kar ka tsaya cak, maimaita kamar sau goma, sannan ka yi tafiya ta huce. In ka tsaya ka danne feda tana da zafi, shatinta zai fito a faifai, gobe ka dawo kana cewa sitiyari na rawa. In kwalin ya zo da nasa bayanin, shi za ka bi.

Yaro, miƙo sifana 14 da giris ɗin fil. Kuma kafin ka motsa motar nan, ka buga feda har ta yi tauri, ka ji ko?