Albashin wankin haƙori da bashin makaranta: lissafin da na kawo muku daga cikin mota

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau daga cikin mota nake muku magana, hutun rana aka ba mu, minti talatin kacal. Kun ga wannan layin a kan hancina? Shatin takunkumi ne, tun bakwai na safe yake fuskata. Shekarata biyu ke nan ina aikin mataimakiyar likitan haƙori a nan Amurka. Ni ke miƙa masa kayan aiki, ni ke riƙe bututun da ke zuƙe ruwa daga bakin majiyyaci, in an gama in kwashi ƙarafan in kai su tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ya hana ni barci a watannin nan shi ne ko in koma makaranta in zama haijinis, wato mai wanke haƙori, ta kankare dattin da ya daskare a gindinsa, ta duba lafiyar dasashi. Haijinis ɗin asibitinmu a ɗakin da ke jikin nawa take, kayanmu iri ɗaya, amma albashi ya sha bamban. A alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2024, albashin tsakiya (wato rabin ma'aikata na samun sama da shi, rabi ƙasa da shi) na mataimaki dala 47,300 ne a shekara, na haijinis kuwa dala 94,260. Kusan ninki biyu fa. Ranar da na ga wannan, wallahi har na fara hango kaina da sabon lasisi.

Da zafina na je wata makarantar kuɗi, ba zan faɗi sunanta ba. An karɓe ni hannu bibbiyu. Wata ma'aikaciyarsu ta zagaya da ni ɗakin gwaji, kujeru sababbi fil, sannan ta zaunar da ni ta turo takarda da biro gabana, ta ce gurbi ya kusa ƙarewa. Na tambaye ta nawa zan riƙa biya duk wata in na gama. Sai ta koma ba ni labarin albashi. Na sake tambaya, ta ce ofishin tallafi zai yi min bayani bayan na sa hannu. A nan jikina ya yi sanyi. Na ninke takardar na sa a jaka, na ce sai na yi shawara. Sau uku suka kira ni a wannan makon.

Da na dawo gida sai na yi lissafin da kaina, ga ma takardar nan, ku duba. Bashin gwamnatin tarayya na masu karatun digirin farko, wanda aka bayar daga Yulin 2025 zuwa Yunin 2026, kuɗin ruwansa kashi 6.39 cikin ɗari ne. Mu ɗauka na ci bashin dala 30,000, aka raba min biya a shekara 10. Duk wata kusan dala 339 ke nan, kuma kafin in gama na biya sama da 40,000. Wato fiye da dala 10,000 ruwa ne zalla. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba tun asali, shi ya sa ko dala ɗaya ce sai na juya ta kafin in yarda in ranta.

Bashin ma iri-iri ne. Akwai wanda gwamnati ke ɗauke maka ruwansa muddin kana makaranta, har da wata shida bayan ka gama. Akwai wanda ruwansa ke fara taruwa tun ranar da aka saki kuɗin, kana aji yana hawa. In kuɗin makarantar ya wuce iyakar abin da gwamnati ke bayarwa, sai a nuna maka hanyar banki, su kuma galibi sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Ka ga ka jawo ɗan uwanka cikin abin da bai ji ba bai gani ba. Kuma bashin karatu a ƙasar nan, ko kotu ka je ka ce ka karye, da wuya a yafe shi.

Yanzu mu koma kan 94,260 ɗin nan, don nan ne mutane ke ruɗuwa. An lissafa shi ne kamar mutum yana aiki awa 40 kowane mako, shekara cur. Alhali haijinis da yawa ba sa samun cikakken mako a wuri ɗaya. Tamu kwana uku take zuwa. Ku buga: awa 24 a mako, a kan kusan dala 45 kowace awa, bai wuce 56,000 da 'yan kai ba a shekara, tun kafin a cire haraji. Wanda ba cikakken ma'aikaci ba ne kuma sau da yawa inshorar lafiya daga aljihunsa take fita. Ga jiki. Rannan na same ta bayan majiyyaci na takwas tana murza wuyan hannunta, ta jingina kai da bango ta lumshe ido. Sunkuyon wuni guda a kan bakin mutane yana cin wuya da baya, ba kowa ke iya kwana biyar a mako shekara da shekaru ba. Bashi kuwa bai san ka rage kwanaki ba.

Duk da haka ban fasa ba, domin aikin yana da kyau kuma ina son sa. Hanya na canza. Zan bi ta kwalejin al'umma ta gwamnati, inda kuɗin ya yi ƙasa sosai, sai dai gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, ana iya jira. Karatun yakan ci kusan shekara uku in an haɗa da darussan share fage irin su ilimin sassan jiki da na ƙwayoyin cuta da kimiyyar sinadarai. Su nake yi yanzu da yamma, ɗaya bayan ɗaya, ina biya daga albashina. Kafin komai sai da na tabbatar hukumar CODA, mai tantance karatun aikin haƙori a Amurka, ta amince da shirin karatun, don in ba haka ba lasisi zai gagara, ga jarrabawar ƙasa da ta gwajin hannu suna jira a gaba.

Na cike fom ɗin FAFSA ma, wato fom ɗin neman tallafi da bashin karatu na gwamnatin tarayya. Tallafin Pell, wanda ake nema da wannan fom ɗin, kyauta ne, ba a biya, mafi yawansa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne, gwargwadon ƙarfin mutum. Amma 'yar uwa, in da bizar ɗalibta kika shigo, wannan tallafin da bashin tarayya duk ba su shafe ki ba, sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin da makamantansu. Ki san matsayinki tun kafin wani ya turo miki biro.

Lokaci ya yi, ga majiyyacin ƙarfe ɗaya can yana fakin, kuma ban shirya tiren cike haƙorinsa ba. Daren yau ina da gwaji a kan ƙasusuwan kai, ku sa ni a addu'a. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya yarda.