Izinin zama na dindindin a Kanada: me ake nema wurin mai ƙwarewa?

(An ciro wannan daga laccar da aka yi wa matasa masu diploma da masu sana'ar hannu a Damagaram.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, ƙannena maza da mata, sannunku da jure wannan zafi.

Zan tsaya kan Kanada, don ita kuka fi tambaya. Tun Janairun 2015 suke ɗaukar ƙwararru ta tsarin Express Entry. A ƙofar ma'aikata masu ƙwarewa, sai ka haɗa maki 67 cikin 100 kafin ma a saka sunanka a layi. Ana duba harshe, karatu, shekarun aiki da shekarun haihuwa. Daga 18 zuwa 35 kana da cikakken makin shekaru, bayan nan kowace shekara tana cin maki ɗaya, a 47 babu saura. Masu furfura irina, sai mu yi haƙuri.

Harshe shi ne jarinmu. Faransancin da muka sha bulala a kansa a lakkol, Kanada na nemansa, musamman a jihohin da ba Kebek ba. Tun 2023 suke ware zaɓe daban don masu jin Faransanci. Amma fa ba surutun fada ake aunawa ba. Jarrabawar TEF ko TCF ta Kanada za ka zauna, ka kai mataki na 7 a ji, magana, karatu da rubutu, kowanne da kansa. Rubutun ne ke kayar da mutane. Sakamakon kuma shekara 2 yake aiki. Lisans ɗinka ta Jami'ar André Salifou ma sai wata hukumar tantancewa, kamar WES, ta auna ta da ma'aunin can.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Ana neman aikin shekara ɗaya a jere, awa 1,560, wanda aka biya ka, cikin shekaru 10 da suka wuce. Ƙanena ya yi shekara bakwai a wani garaji a Zengu. Da kunne yake gane ciwon inji. Ranar da muka zauna haɗa takardunsa, muka zazzage jakar leda: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, hoto biyu. Shi ke nan. Maigidansa a hannu yake sallamarsa kowace yamma, jikka biyu, jikka uku, babu rubutu. Jami'in da ke Kanada wasiƙa yake so daga wurin aikinka, mai sa hannun maigida, wadda ta faɗi ranar da ka fara, awa nawa a mako, albashinka, da ayyukan da kake yi ɗaya bayan ɗaya. Shekara bakwai ɗin nan a wurinsa kamar ba a yi su ba. Wallahi abin ya ci mini rai.

Masu walda da lantarki, ƙofarku daban ce: aikin shekara 2 cikin 5, da ko dai tayin aiki ko shaidar ƙwarewa daga wata jiha ta can.

Sauran kuwa sanannu ne: kaziye (takardar shaidar rashin laifi) daga kotu, gwajin likita, da kuɗi a banki da sunanka.

Na ga hannu a baya. Kana tambaya kan mutumin Facebook da ya ce ka tura jikka ɗari biyar ya samo maka gurbi? Buɗe fayil a shafin hukumar shige da ficen Kanada kyauta ne, sai an gayyace ka kake biyan kuɗin nema. Kada ka tura masa ko dala. Malam, a miƙa wa baiwar Allahn can makirufo.