Sharhi: An Yi Wa Asibiti Fenti, Wa Zai Kwana A Ɗakin Haihuwa?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114, kuma a 'yan shekarun nan gwamnati ta sa gaba a kan samar da asibitin matakin farko mai aiki a kowace mazaɓa. Mai bin hanyar Dukku ko Bajoga ko Talasse ya ga sabon kwano da sabon fenti. Madalla, ba mai kushe wannan. Sai dai ɗan kwangila kan miƙa makulli cikin wata shida, ita kuwa ungozomar da za ta zauna a ciki sai ta yi shekara uku a makaranta. Likita shekara shida yake yi, ya ƙara ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta bautar ƙasa. In ƙwararre ake so, a ƙara masa wasu biyar ko shida. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a harkar ma'aikatan lafiya kullum sai an ɗaura kaya muke neman wuƙa.

A damunar da ta wuce dare ya yi mini a wani ƙauye, ba sai na kama suna ba. Malamar asibiti ɗaya na tarar. Ita ta yi wa mata awo da safe, ita ta yi wa yara rigakafi, ita ke yankan kati, ita ke ba da magani. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka kawo mai naƙuda a kan babur, an sa ta tsakanin direba da yayanta. Batirin sola ya riga ya sauka. Sai malamar ta miƙa wa kishiyar matar waya ta ce, "Yaya, haska mini nan, kada hannunki ya yi rawa." Allah ya sauki matar lafiya. Da gari ya waye na tambayi malamar matakin albashinta, sai ta yi dariya. Ashe 'yar sa-kai ce, ta gama makaranta da daɗewa, takardar ɗaukar aiki take jira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasi a 2016 cewa ana buƙatar likitoci da nas-nas da ungozomomi aƙalla 4.45 ga kowane mutum 1,000. Ku ɗauki mazaɓa mai mutum 30,000, lissafin zai ba ku sama da ma'aikata 130. To kowa ya ƙirga na garinsu.

Idan aka tashi zancen ƙarancin ma'aikata, bakin kowa sai ya tafi Ingila da Kanada da Saudiyya. Gaskiya ne ana tafiya. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau a maƙwabciyarmu Bauchi, ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, kuma a watan Agustan shekarar shugaban ƙasa ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. An kuma ƙara yawan ɗaliban da makarantun kiwon lafiya za su iya ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000.

Amma a wurinmu ba daga filin jirgi ci-ranin yake farawa ba. Tsani ne. Wadda aka tura ƙauye tana neman wanda zai tsaya mata a dawo da ita hedikwatar ƙaramar hukuma. Ta hedikwata idonta na kan Gombe. Na asibitin jiha yana jiran gurbi a Asibitin Koyarwa na Tarayya, inda albashi da alawus suka fi tsoka, ga damar ƙaro karatu. Daga can ne ake rubuta jarrabawar fita waje. Kowa ya hau mataki ɗaya, ramin da ya bari a ƙasa yake faɗawa, a kan matar Nafada ko Shongom da ba ta taɓa ganin fasfo ba. Ƙara ɗalibai abu ne mai kyau, amma muddin ba a toshe nan ba, ɗiban ruwa ne da kwando.

Kuma mun taɓa gwadawa. A 2009 aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, lokacin Farfesa Pate ɗin nan ne ke shugabantar hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa. An tsara cewa tarayya ta biya kasonta, jiha ta biya nata, ƙaramar hukuma ta ƙara nata ta ba da wurin kwana. A wurare da dama kason jiha da na ƙaramar hukuma ya riƙa makalewa, ɗakin kwanan ma babu, matan suka tattara nasu ya nasu. Wa zai ga laifinsu? A 2023 kuma wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudirin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. A ganina wannan ɗaure akuya ne a turken da ba dusa, da zarar igiya ta yi sanyi ta tafi.

Akwai wata asarar da ba a ko lissafa ta, wato ritaya. Ku je asibitin masu saran maciji na Kaltungo lokacin noma. Za a ɗebi jinin wanda kububuwa ta sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsafta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai a ɗaura maganin dafi. Faɗar wannan minti ɗaya ne. Amma idon da zai kalli dasashin manomi ya ga jini na tsattsafowa, ya gane wa za a fara dubawa cikin mutum biyar da ke kwance, shekaru ne suka wasa shi. Ranar da irin wannan ma'aikaci ya ajiye aiki ba tare da ya goyi na baya ba, ilimin ya bi shi gida.

Muna da kwalejin jinya da ungozoma a Gombe, da ta kimiyyar lafiya a Kaltungo, ga tsangayar likitanci a Jami'ar Jihar Gombe. Abin da ya rage tsari ne. A san mutum nawa ne a bakin aiki da gaske, ba a takardar albashi kawai ba. A san nawa za su yi ritaya nan da shekara biyar, a fara horar da magadansu yau. Kowace mazaɓa ta zaɓo 'ya'yanta mata a ɗauki nauyin karatunsu, domin wadda iyayenta da mijinta ke garin ba ta neman canjin wurin aiki kowane wata. Kuma alawus ɗin karkara ya zama wanda zai sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya nemi birni, ya kuma shiga asusu a kan lokaci.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Idan 'yan majalisarmu suka zauna kare kasafi, kada tambayar ta tsaya a kan buhun siminti nawa. Su tambayi kwamishina takardar ɗaukar aiki nawa za a raba, kuma ina za a tura masu ita.

Ita dai malamar da na ba ku labari, da za mu rabu ta nuna mini wata jakar leda a ƙarƙashin teburin awo. Takardunta ne, ta yi musu hoto kala uku-uku, tana jiran ranar da za a buɗe ɗaukar ma'aikata a birni.