Amsoshin Tambayoyinku: Yaran Gidan da Cutar Huntington Ta Shiga

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Tun da muka taɓo cutar Huntington a makon jiya saƙonni ke ta kwararowa, kuma galibinsu a kan yaran gidan suke magana. Tare da ni akwai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da malamarmu mai aikin kula da walwalar yara. Likita, minti ɗaya na ba ka, ɗaya tak, don na san halinka. Wanda bai ji mu ba wancan makon, wace irin cuta ce wannan?

Likita: To, zan yi ƙoƙari. Cuta ce ta gado da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wani likita Ba'amurke, George Huntington, shi ya yi cikakken bayaninta a 1872, sai a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta, a kan kuromosom na 4, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum. Wuri uku take taɓawa: motsin jiki, inda za ka ga hannu ko kafaɗa ko fuska na fizga da kansu, tunani da tsara al'amura, sai kuma hali. Ta fi bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50, daidai lokacin da mutum ke tsakiyar renon 'ya'ya. Akan yi shekara 15 zuwa 20 da ita bayan ta bayyana. Maganin warkewa babu tukuna, amma akwai na rage alamomi.

Mai gabatarwa: Yau kam ka cika alkawari. Ta farko: wata baiwar Allah na tambaya ko yaro na iya ɗauka ta hanyar shan nono ko shan ruwa a kofi ɗaya.

Likita: Ko kaɗan. Ba ta yaɗuwa. Ko an haife ka da ƙwayar gadon, ko ba a haife ka da ita ba.

Mai gabatarwa: Wani kuma ya ce su huɗu ne a wajen mahaifinsu, biyu sun kamu, shi da ƙanwarsa sun tsira ke nan tunda an ce rabin 'ya'ya ne ke gadonta?

Likita: Ina ma haka ne, ɗan'uwa. Rabin nan na kowane ɗa ne shi kaɗai, kashi 50 cikin 100, mace ko namiji. Kamar jefa kwabo sama ne, jifan jiya bai san na yau ba. Huɗun na iya gada duka, na iya kuɓuta duka. Amma wanda bai gaji ƙwayar ba, shi ke nan, ba zai ba 'ya'yansa ba.

Mai gabatarwa: Ga wani uba, matarsa ce ke da cutar. Ya ce ɗansa shekararsa 7, lafiyarsa ƙalau, amma yana so a gwada jininsa don hankalinsa ya kwanta. Hankalin wa, ranka ya daɗe, naka ko na yaron? Likita.

Likita: Gwajin dai na jini ne, ana ƙirga wasu haruffa uku, CAG, da ke maimaita kansu a cikin ƙwayar gadon. In 26 ne zuwa ƙasa, babu komai. Daga 27 zuwa 35 mutum ba zai kamu ba, amma adadin na iya ƙaruwa a jikin 'ya'yansa. Daga 36 zuwa 39 yana iya kamuwa, yana iya tsufa bai ga komai ba. Daga 40 zuwa sama kuwa za ta bayyana in rai ya yi tsawo. Kuma ka san da yawa daga cikin abin da muka sani ya samo asali ne daga binciken da Nancy Wexler da abokan aikinta suka yi a kan manyan iyalai a bakin tafkin Maracaibo na ƙasar Venezuela, inda...

Mai gabatarwa: Likita, mun tafi Venezuela, mai tambaya na tsaye a bakin ƙofa. Malama, a gwada ko kar a gwada?

Malama: Kar a gwada. Ƙa'idar da likitoci ke bi a duniya ita ce, yaron da ba shi da alama ba a yi masa wannan gwaji sai ya kai shekara 18, kuma shi ya nema da bakinsa bayan an zauna da shi an yi masa bayani. Dalili kuwa, babu wani magani da za a fara masa yanzu ya hana ta zuwa. Abin da sakamakon zai sauya shi ne idon da ake kallonsa da shi. Ya yi tuntuɓe a ce ta fara, ya faɗi jarrabawa a ce dama. Wani uban ma sai ya daina kashe kuɗi a karatun wanda aka samu da ita. Sannan manya da yawa da ke cikin wannan hali sun zaɓi kada su sani, to shi ma a bar masa wannan zaɓin.

Mai gabatarwa: Kun ji, sai 18, kuma sai shi ya nema. Yanzu ga saƙon da zan ba lokaci, don irinsa sun kai goma a gabana. Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa yayarta ce ke da cutar, shekararta 38, 'ya'yanta uku: mace mai shekara 13, namiji mai 8, da jaririya 'yar wata 10. Mijin na aiki nesa. Babbar yarinyar ce ke girki, ita ke yi wa uwar wanka, kuma ta fara fashin makaranta. Uwar ta zama mai saurin fushi, kwanan nan ta wurga wa yaron kofi. In an yi mata magana sai ta ce lafiyarta lau. Tambayarta: mu ɗauke yaran ne, ko yaya?

Malama: 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da kika damu. Abu na farko, sunan cutar shi kaɗai ba dalili ba ne na raba uwa da 'ya'yanta. Abin da muke dubawa shi ne me ke faruwa da yaran daga wayewar gari zuwa dare. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma haka ta ce a sashe na 9, ba a raba yaro da iyayensa sai in hakan ya zama dole don amfanin yaron. Sashe na 12 kuma ya ce a ji ta bakinsa. Don haka kafin manya su yanke komai, a ja yarinyar nan gefe ita kaɗai a tambaye ta: ƙarfe nawa kike kwanciya, sau nawa kike tashi cikin dare, me ya fi ba ki tsoro? Kada a tambaye ta "kina iyawa?", don za ta ce e. Yaran nan sun iya ɓoyewa, suna tsoron in sun faɗi gaskiya za a watsa gidan.

To, sai a raba aikin gida biyu. Shara, wanke-wanke, aike, taya ƙanenta aikin makaranta, wannan ba laifi in bai ci lokacin karatu da barci ba. Amma yi wa uwa wanka, kai ta banɗaki, ɗaga ta in ta faɗi, ba ta magani, zama a kanta lokacin cin abinci alhali tana sarƙewa, wannan aikin babba ne. A cire su daga wuyanta a wannan makon. A rubuta a takarda: wane babba ne zai zo da safe, wane da yamma, wa ke kwana. In ba a sa suna da rana ba, kowa zai ce zai taimaka, ƙarshe yarinyar ce dai za ta ci gaba.

Mai gabatarwa: A sa suna, a sa rana. Dangi, da ku ake. Zuwa dubiya da dogon jaje ba ya wanke kwano. Jaririyar fa?

Malama: Ita ta fi ba ni tsoro. Uwa ta riƙe 'yarta, haƙƙinta ne, amma a zaune a ƙasa kan katifa, da matashin kai a kowane gefe, don hannun na iya saki ba da nufinta ba. Kada ta hau ko ta sauko matakala da ita. Canza mata kaya a ƙasa, kar a kan gado. Wanka sai da wani babba a tsaye. Kada ta ɗauki abu mai zafi jaririya na kusa. Magunguna a akwati mai makulli. A riƙa auna nauyin jaririyar duk wata, don uwar na iya manta lokacin ciyarwa ba ta sani ba.

Likita: Bari in shigo kan maganar "lafiyata lau". Ba ƙarya take yi ba, ba taurin kai ba ne. Cutar na taɓa sashen ƙwaƙwalwar da mutum ke lura da kansa, sai ya zama kowa na ganin hannunta na fizga, ita ba ta ji. Gardama da ita ɓata lokaci ne. Fushin kuma yana da abubuwan da ke kunna shi: yunwa, don jikin masu cutar na ƙona abinci da sauri har suna ramewa, gajiya, hayaniya, sauya tsarin yini ba zato, da jero mata tambaya biyu uku a tare. Ku yi mata magana ɗaya, ku ƙirga goma a zuci kafin ku sake, don amsar na nan tafe, jinkiri take yi. Ku sami littafi ku rubuta duk ranar da ta fusata, ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan. Mako biyu za ku ga bakin zaren. Ku kai wa likitanta littafin, don akwai magungunan da ke sassauta fushin da baƙin cikin sosai. Kuma ke mai tambaya, tunda yayarki ce, in iyayenku ɗaya ke ma abin ya shafe ki. Ki nemi wanda za ki yi magana da shi, kada ki ɗauki kaya biyu shiru.

Malama: Sai dai likita, cutar ta bayyana dalilin jifan, amma kofin in ya sami yaro zafinsa ɗaya ne. A koya wa mai shekara 8 ɗin: in Mama ta fara ɗaga murya, kada ka amsa, kada ka tsaya, fita ka tafi wajen wane. A ambaci sunan mutumin, a tabbata ya san da maganar, yaron ya haddace lambar wayarsa. In ta huce a gaya masa ba laifinsa ba ne. A maimaita masa, don yara kan ɗora wa kansu.

Ga inda ba a jira: dukan da ya bar shaida a jiki, jaririya na ramewa, an bar ƙananan su kaɗai, yarinyar ta daina makaranta gaba ɗaya, ko uwar ta fara maganar gara ta mutu. Wannan na ƙarshen kada a ɗauke shi wasa, haɗarinsa ya fi yawa a masu wannan cuta. Ranar nan a kira likita, a sanar da hukumar da ke kula da yara a inda kuke. Ko a nan ma, mataki na farko shi ne a shigo da babba cikin gidan, ko a ɗauke uwa da 'ya'ya tare zuwa inda za a kula da su. In rabuwa ta zama dole, kada a rarraba yaran gida uku, kuma a sa ranakun ganin uwarsu tabbatattu.

Na ƙarshe, a kira mijin ya zo a zauna tun tana iya yanke shawara. Wa take so ya riƙe yaran in ta kasa? A rubuta, a sa shaidu. Abin da ke lalata al'amari shi ne a jira sai magana ta gagare ta, sannan dangi su fara jayayya a kan yaran suna ji.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu rubutawa. A ji ta bakin yarinyar ita kaɗai, a cire mata aikin jinya, jaririya a riƙe ta a zaune, yaro ya san inda zai gudu, a rubuta wanda zai riƙe su tun da wuri. Ni dai a ganina shi maigidan ne ya kamata ya rubuto wannan saƙo. Lokaci na gudu. Wata na tambaya, a gaya wa yara sunan cutar ko a ɓoye?

Malama: A gaya musu, daidai shekarunsu, kaɗan kaɗan. Mai shekara 5 ya isa a ce masa ƙwaƙwalwar Baba ba ta da lafiya, shi ya sa hannunsa ke motsi, kuma ba kai ka jawo ba. Mai shekara 12 in ya tambaya "ni ma zan kamu?", kada a ce a'a. A ce yana yiwuwa, yana yiwuwa kuma ba haka ba, in ma za ta zo galibi sai an girma. In kun ɓoye, zai gani a intanet shi kaɗai cikin dare.

Mai gabatarwa: Wani maƙwabci ya ce yana ganin wani uba na tangaɗi, maganarsa na shaƙewa, yana kai yara makaranta a mota. A buge yake?

Likita: Masu wannan cuta sun sha wannan zargi. Kada ka yanke hukunci, amma tuƙin abin dubawa ne, don saurin taka birki na raguwa tun da wuri. Ka yi wa iyalinsa magana a asirce, likita ya auna shi.

Mai gabatarwa: Wani malamin makaranta: ɗalibinsa mai shekara 11, mahaifinsa na da cutar, rubutunsa ya lalace, jikinsa ya yi tauri, karatu ya ja baya.

Likita: Akwai nau'in da ke kama 'yan ƙasa da shekara 20, bai da yawa, galibi daga uba ake gadonsa, kuma maimaicin CAG ɗin nan kan haura 60. A yara ba fizga ke fara zuwa ba, taurin jiki ne, da jan ƙafa, da koma-bayan karatu, wani lokaci da farfaɗiya. Amma malam, yaron da ba ya samun barci saboda jinya shi ma karatunsa zai faɗi. Ka gaya wa mahaifiyarsa abin da ka gani, ba tare da ka kira sunan cuta ba, a kai shi wajen likitan jijiyoyin yara. Nan ne kaɗai ake gwada yaro, in alamomin sun tabbata.

Mai gabatarwa: Ɗaya cikin daƙiƙa ashirin. Wata ta ce an sa wa mijinta tetrabenazine, maganin rage fizga, fizgar ta ragu amma ya daina kula yara.

Likita: Maganin na iya kawo baƙin ciki da kasala, cutar ma na kawowa. Ki koma wa likitan da ya rubuta shi cikin kwanakin nan, kada ki sauya awon da kanki. In ya ambaci mutuwa, yau ɗin nan.

Mai gabatarwa: Mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu. Amarya da ango da suka tambayi yadda ake tantance ɗan tayi kafin a dasa shi a mahaifa, mun ga saƙonku, da shi za mu buɗe mako mai zuwa, kuma likita zan ba ka minti biyar cur. Mu kwana lafiya.