Tururuwar da ba ta fita ba, ina ta san ƙamshin?

Ku dubi layin tururuwan nan. Da mun gan shi sai mu ce ai sawu suke bi: ta gaba ta shafa sinadari a ƙasa, na baya na binsa. Haka ne, amma sinadarin hanya kawai yake nunawa, ba ya gaya musu abincin da za su fi so.

Eriyoyi biyun nan na kan tururuwa, da ba sa zama wuri ɗaya, su ne hancinta. Mu wuce.

Ga inda ake ruɗewa. Yawancin ƙamshi ba shi da wata ma'ana a wurinta sai ranar da ya zo tare da abinci. Daga ranar ta haɗa biyun a ƙwaƙwalwa. A 2018 masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus suka gwada tururuwar hamadar Tunisiya: sau ɗaya tak ta ci abinci mai wani ƙamshi, ta riƙe shi. Ta koyi ƙamshi 14 a jere, har bayan kwana 25 ba ta manta ba, alhali yawancinsu ba sa wuce kwana shida da fara fita neman abinci wani abu ya cinye su. Wannan hadda dai ta fi ƙarfin mai ita.

To, ku tsaya a kan waɗannan biyun. Ba faɗa suke ba. Ta hagu ta dawo da ruwan zaƙi a wata 'yar jaka a cikinta, tana amayo shi tana ba ta dama baki da baki. Ku lura da eriyoyin ta dama, sai shafar 'yar'uwar suke. Zaƙi na shiga, ƙamshi na shiga, lokaci guda. Ba ta taka ƙofar rami ba, amma an gama yi mata darasi. A Ajantina an gwada: waɗanda aka ciyar haka, da aka sa su a hanya mai rassa biyu, galibi reshen da ke da ƙamshin suka nufa.

Wannan sabo da ƙamshi yana da ƙarfi har ya zama tsirfa. A sabar wa baƙar tururuwar lambu ta Turai da ruwan sukari mai ƙamshi ɗaya, sannan a canza ƙamshin, sukarin yana nan yadda yake. Ga ta nan: ta taɓa, ta ja baya, ta ɗan zagaya, sannan ta sha da ƙyar. Da ta juya gida ma, sinadarin da ta shafa wa sauran bai kai na da ba.